Tukwanen Baba Nomau

Kwanan baya jikana ya gyara gidansa, ya kira yaran nan masu aikin lantarki su nutsa masa fitilu cikin silin, irin waɗanda ba ka ganin komai sai haske na zubowa. Anka kawo mini kujera na zauna ina kallo, don ni in ana aiki a gida ba ni iya zaman ɗaki. Sun zube kwanonin da ƙwan fitilar zai zauna ciki, wani na ƙarfe, wani na roba, wani mai zurfi, wani kamar faifai, suna ta gardama. Ɗayansu ya ce, "Duk ɗaya ne, a sa wanda hannu ya kai." Na ce, "Kai ɗan nan, ka tambayi kwanon nan don wa anka yi shi?" Sunka kwashe da dariya, sunka ce Baba ya fara. Ban ji haushi ba. Na dai ce za ni rubuta, ko da rubutuna na yaƙi da jahilci ne, wanda ya ga dama ya karanta.

Sunana Arzika, magini, haifaffen Unguwar Lalle. Ni ba matafiyi ba ne. Daga Sabon Birni zuwa Isa, nan duniyata ta tsaya, kuma ta ishe ni. Zamanin Turawa na koyi gini hannun wani ɗan gajeren mutum ana ce masa Tunau, wanda ba ya fara aiki sai ya ɗanɗani ƙasar da harshe. Kayan aikinmu ba su da yawa: dagi, hauya, kwando, tsani, sai tafin hannu, wanda shi ne babba. Na daɗe ina taka ƙasa da ƙafa, ina mulmula tubali, ina jefa wa na bisa, kafin Tunau ya yarda na taɓa bango. Kullum maganarsa ɗaya: "Arzika, da hannunka na da saurin bakinka, da mun gama ganuwar Gobir duka." Ni kuwa in ce, "Maigida, in na yi shiru wa za shi hana ka barci bisa tsani?"

Abin da ya fara sakar mini in yi ni kaɗai shi ne alkuki, ɗan kogon nan da ake ƙwaƙulewa jikin bango a aje fitila. Kuna ganin rami ne kawai. To, in ya yi ƙasa yaro ya kai hannu, in ya yi zurfi ya haɗiye hasken, in samansa ya yi tsaye hayaƙi ya zana maka baƙin harshe har rufi. Wannan a bango ke nan, inda fitila ke zaune a kan gindinta. A ce a nutsa ta cikin rufi, bisa kawunan mutane, tsakanin azara, wannan wani karatu ne daban.

A barikin Bature na Sabon Birni munka fara. Baturen dogo ne, kullum sai ya buga kai ga fitilar ƙwai da ke rataye, kukunsa ya zo ya ce ana so a ɓoye ta cikin rufi. Munka yanke garwar kananzir munka cusa tsakanin azara biyu, munka yaɓe. Ta yi kyau. Damina ba ta kai ba ɗakin ya fara warin ƙauri, a duba ko'ina babu wuta. Da munka fasa, azarar da ke manne da garwar ta zama gawayi tun daga ciki, kana taɓawa tana zubowa. Ƙarfe ba ya riƙe zafi, miƙa shi yake yi ga maƙwabci.

Gidan wani attajiri a Isa kuwa tukunyar miya munka kifa. Ana cikin hira da baƙi sai ji anka yi tas, tukunyar ta fashe, katangarta ta faɗo cikin ƙwaryar fura. Tukunyar miya sirara ce, ta saba da ruwa a cikinta, busasshen zafi ba ta ɗauka. Munka gwada tulu, wuyansa ya maƙure hasken, ɗaki ya zama kamar ana leƙen rijiya. Ƙwarya kam wani ne can ya gwada, ba mu ba, kuma bai sake ba.

A haka munka gane abin da ake nema. Mazaunin fitila sai mai faɗin baki, mai kauri, wanda ya ƙonu sosai har in ka ƙwanƙwasa ya amsa maka. Sai a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da azara, a cike da ƙasa mai kyau. Sai a huda gindinsa don hayaƙi ya samu hanya, a sa ƙugiyar maƙeri a rataya fitila, a shafe ciki da farar ƙasa don ta turo hasken ƙasa. Duk wannan mun sani. Abu ɗaya ne ba mu san ana tambaya ba.

Shekarar sanƙarau ce, cikin bazara. Wanda bai ga wannan shekara ba, Allah kada ya nuna masa. Mutum ya wuce ka da safe yana sallama, da la'asar a ce wuyansa ya ƙage, washegari ka bi shi da ƙafa. Bature ya sa dogarai sunka hana cin kasuwa. Gini ya tsaya cik, don babu mai tunanin sabon ɗaki. Ina zaune gida ni da yara muna cin abin da ya saura a rumbu, sai ga aike daga Tunau, wai an samu aiki a wani ƙauye kusa da Tozai.

Mai aikin sunansa Ummaru, ɗan kasuwar fata ne. Tun yana ƙarami kawunsa ya ɗauke shi zuwa Kano, can ya girma, sai da ya yi arziki ya waiwayo gida. Ya iske tsohonsa, Baba Nomau, a wata tsohuwar shigifa, ɗakin soro marar taga, ƙafafu sun mutu, ido ya yi rauni. Ko da rana tsaka sai da fitilar a-ci-bal-bal ake ganin fuskarsa, kuma an ce sau ɗaya ya ture ta da gwiwar hannu, tabarma ta kama. Ummaru ya ga fitila cikin rufi a wani gida can Maraɗi, ya ce ita za a yi wa tsohonsa, a ɗaga wuta inda hannu ba ya kai. Anka ɗauki tsohon bisa jaki anka kai shi Kamarawa wurin ɗiyarsa, har a gama.

Munka yaye tsohon rufi, munka sake azara, munka ɗaga bango kaɗan. Da anka zo kan mazaunin fitila sai magana ta tsaya, ga kasuwa a rufe, ba inda za a samu tukunya. Ummaru na zagayen gida yana neman ko da tsohuwar randa, sai munka ji ya yi kira daga bayan rumbu. Ya yaye wata ruɓaɓɓiyar zana, ga tukwane huɗu a kife, an jera su bisa duwatsu don kada su taɓa ƙasa. Ban taɓa ganin irinsu ba. Ba wuya, ba ado, baki wangame kamar kasko, zurfi ya fi na kasko, kauri ya kai yatsa biyu. Tunau ya ƙwanƙwasa ɗaya, ta yi wata ƙara mai tsawo, kamar ba za ta daina ba.

"Wagga kam," in ji shi, "ko don mu anka yi ta sai haka. Na mi ne?"

Ummaru ya ce, "Wa ya sani? Tarkacen tsofaffi ne. Ku ɗauka."

Matan gidan na can ciki, ba su ga abin da munka ɗauko ba, mu kuma ba mu da hanyar tambayarsu. Ƙofar shigifar a rufe take da asabari muna aiki. Ni na huda gindinsu, da ƙarfe mai tsini da ɗan ruwa da yashi, a hankali, rami daidai babban yatsa. Ɗakin dogo ne siriri, saboda haka Tunau ya jera su layi ɗaya bi da bi, daga wannan kai zuwa wancan, daidai bisa gadon ƙasa na tsohon. Munka shafe su da farar ƙasa, munka rataya fitilun ƙwai huɗu da Ummaru ya kawo. Ban yi ƙarya ba, a duk aikina ban ga haske mai kyawun wannan ba. Ba ka ganin fitila, ba ka jin zafi, haske kawai ke saukowa a hankali ya kwanta bisa gado.

Da hantsi anka dawo da Baba Nomau. Ni da Ummaru munka tallabo shi munka kwantar. Ummaru ya sa sanda mai ƙugiya ya kunna fitilun ɗaya bayan ɗaya, ya koma gefe yana jiran albarka. Tsohon ya yi rigingine yana kallon bisa. Ya daɗe. Idonsa ya tashi daga ta wajen kai, ya bi layin har ta wajen ƙafa, ya dawo.

"Ummaru."

"Na'am, Baba."

"An yi mani salla?"

Ummaru ya yi 'yar dariya. "Wace salla, Baba? Ko azahar ba ta yi ba."

"To, in ba a yi mani salla ba, don mi kunka ruhe ni?"

Tsohon ya ɗaga hannu da ƙyar ya nuna. "Waccan ta kai ta. Ga shaidar yatsan Kulu nan ciki, ta ja shi sau biyu. Waccan ta ƙirji, waccan ta gwiwa, waccan ta ƙahwa. Har jerin ba ku ɓata ba. Wa yag gwada maku?"

Sai a lokacin munka fahimta. Mu a Unguwar Lalle da itace muke rufe kabari, a jera shi bisa ɗan ƙaramin ramin kafin a zuba ƙasa. Mutanen Kano da Ummaru ya tashi cikinsu ban san da me suke yi ba, shi dai bai taɓa lura ba. A wannan ƙauye kuwa itace ya yi ƙaranci, yumɓu ya yi kyau, sai sunka saba da tukwane. Tsoho in ya ga ya manyanta, yakan je wurin Kulu, maginiyar tukwane, ta auna shi da ido ta gina masa nasa, ya ɓoye kamar yadda ake ɓoye likkafani. Su ake kifawa bisa mamaci don kada ƙasa ta taɓa shi. Cikinsu ba a yi shi don mai rai ya kalla ba.

Ummaru ya durƙusa. "Baba, wallahi ban sani ba. Yau za ni sa a gina maka wasu, waɗanda sunka fi waɗannan."

"Wa za shi gina? Kulu ta riga mu, tun farkon ciwon ga. Je ka tambaya."

Ya je ya tambaya. Kulu ta rasu, tukwanen da ta bari duk sun shiga ƙasa tare da masu su. Ya aika ƙauyukan kewaye, ko'ina amsa ɗaya. Ya ce a saro itace, anka ce malaman daji na Bature sun hana taɓa kowace bishiya a gandun da ke kusa, na cikin gari kuwa an riga an ƙarar da su, har tsoffin azarar da munka yaye. Mutanen da ke mutuwa a lokacin da karan dawa ake rufe su. Kara kuwa ruwan farko ke karya shi, ƙasa ta rufta. Daga baya, da damina ta sauka, da idona na ga kaburbura a bayan garin sun lotsa kamar an taka. Wannan shi ne abin da Baba Nomau ya yi shekaru yana gudu, kuma ga maganinsa mun ɗauka mun yaɓe a rufi, mun kuma huda.

Tunau ya ce a cire su nan take. Tsohon ya ce a'a. "Ku bar su tukuna. Ban taɓa ganin ɗakina da kyau hakanga ba. Ashe ga gizo-gizo can." Ummaru kuwa da ya ji haka ya riƙe maganar da hannu biyu, ya ce ai Baba ya ce a bari.

Ni anka bari ina yaɓen waje da makuba, Tunau na zuwa yana dubawa. Da yake ni ba na iya aiki ba hira, sai na riƙa tsayawa bakin ƙofa muna taɓawa da tsohon. Mutum ne mai ban dariya. Yakan ce, "Magini, shigo kabarina ka sha inuwa." In ce, "Baba, bari dai in tsaya nan, ban yi alwala ba." Ya yi ta ƙyaƙyatawa har tari ya kama shi. Amma mutanen gari sun daina shiga. Mai gaisuwa ya tsaya daga waje ya yi sallama, ya ɗan leƙa, ya ga tsoho miƙe sambal cikin farin zane, tukwanensa jere bisa kansa suna haske, sai ya ja baya. Matar da ke kai masa fura ta koma turo ƙwaryar daga bakin ƙofa. Kuma akwai abin da ni ma na lura: in iska ta taso ta bi ta hudojin nan huɗu, kowace tukunya da muryarta, ƙasa-ƙasa, kamar mutane na hira a ɗaki na gaba. Tsohon yakan karkata kunne. Wata rana na ji ya ce, "To, na ji," alhali ba kowa ciki.

Ranar da hadarin farko ya fara haɗuwa gabas, tsohon ya kira ni ciki. Yana zaune an jingina shi, ya sha fura har ya suɗe ludayi, ya fi kullum kyan gani.

"Magini, tambaya za ni yi maka, ka gaya mani gaskiyar sana'a. In na cika da hantsi, kuna iya hidda su lahiya kahin a kai ni?"

Na ce sai na tambayi maigidana. Tunau ya hau bisa rufi, ya ƙwanƙwasa kewayen tukunya da dagi, ya sauko yana girgiza kai. Zafin fitila ya gasa ƙasar da ke riƙe da su, ta zama kamar dutse, ta kama su gam. In an sa ƙarfi, tukunya ce za ta fara fashewa. Sai dai a jiƙa kewayen da tsumma, a bari ya sha, a kankare kaɗan, a sake jiƙawa. Kowace ɗaya aikin yini ce ko fiye. Gawa kuwa ba ta jiran yini, balle cikin zafin nan.

"To, ku hwara yau," in ji tsohon.

Ummaru ya ce bai yarda ba. "Baba, lafiyarka lau. Wane irin ɗa ne za shi sa a sauke wa ubansa kayan kabari yana zaune yana shan fura? Mi mutane za su ce?"

"Su ce ɗan Nomau ya ruhe ubanai da tukunya. Ko ka hi son su ce da kara?"

Ummaru ya fita. Munka ɗauki fitarsa a matsayin izini.

Da ta ƙafa munka fara. Na ce a fitar da tsohon saboda ƙura, ya ƙi, ya ce aikinsa ne, shi za shi duba. Anka lulluɓe shi da zane har wuya. Tunau na bisa rufi yana jiƙawa yana kankarewa, ni ina ciki bisa tsani na tallabe tukunyar da hannu biyu, tsoho na ƙasana yana ba da umarni: "Sannu, magini. In ka hwasa mani ita, ƙahwata za ta biyo ka har Unguwar Lalle." Da ta saki, nauyinta ya sauko mini a ƙirji kamar an miƙo mini yaro. Munka kai ta inuwar rumbu munka kife, munka toshe gurbin da zana da ƙasa. Ɗakin ya rage haske ta wajen ƙafa.

Haka munka bi ta gwiwa, munka bi ta ƙirji. Kowace munka sauke, duhu ya ƙara hawowa bisa gadon, kuma ban san ko idona ne ba, tsohon ya riƙa ƙanƙancewa. Ya rage fura. Ya rage wasa. Da munka sauke ta ƙirji, daga wuyansa zuwa ƙasa ba ka gani sosai, fuska kaɗai ta saura cikin haske.

Washegari na jingina tsani don ta kai, sai Ummaru ya riƙe shi. Babban mutum mai rawani, ya riƙe tsani kamar yaro.

"Arzika, don Allah ku bar mani ɗaya. Kuna saukewa yana tafiya, ba ku gani ba? Ku bar wannan."

Na dubi Tunau, Tunau ya dubi tsohon. Baba Nomau ya ce, a hankali, "Ummaru, ba tukunya ka riƙe ni ba." Ummaru bai saki tsanin ba. Tsohon ya lumshe ido. "To, ku bar mashi. Shi ma maraya za shi zama, a yi mashi abin da shika so." Munka fita da tsani. Ummaru da kansa ya ƙara wa fitilar kananzir.

Bayan azahar ta ranar anka fara kuka cikin gida.

Hadari ya riga ya rufe gabas baƙi ƙirin, liman ya ce ba za a jira ba, ana gama wanka da salla za a tafi. Tukunyar kai kuwa ko jiƙa ta ba a yi ba, fitila na ci a cikinta har lokacin. Ummaru ya zo ya tsaya gabanmu. Tunau ya cire hularsa ya soke a ɗamara, ya ce, "Ba mu hidda ta daga ƙasa. Da ƙasar za mu ɗauko ta." Munka hau mu biyu da dagi, munka sare rufin nesa da tukunyar, kewaye, munka yanke azara biyu sababbi da mu munka sa da hannunmu. Maza huɗu sunka tsaya ciki da bargo a shimfiɗe. Ana wankan gawa a tsakar gida bayan zana, muna sara, ana jin ƙarar ruwa, ana jin ƙarar dagi. Da curin ƙasar da tukunyar ke ciki ya saki ya faɗa cikin bargon, sai da mazan sunka durƙushe. Na sauko da gudu na ƙwanƙwasa ta. Ta amsa.

A haka anka ɗauke ta zuwa maƙabarta, da ƙasar rufi manne a jikinta, tana da zafi har sai da tsumma ake riƙewa. Anka sa Baba Nomau a makwancinsa, anka kifa tukwanen bi da bi, farar ƙasa da baƙin hayaƙi na kallonsa. Sun zauna daram, ba inda ya rage. Liman ya ga hudojin ya ce, "Waɗanga hwa?" Tunau ya ce, "Wanda ya huda shi za shi toshe." Anka kwaɓa mini ƙasa, na durƙusa bakin kabari.

Na fara da ta kai. Da na kai babban yatsa bakin hudar, sai na ji ɗumi na fitowa, a hankali. Na ce a raina ai dole, yanzu anka kashe fitila cikinta. Na toshe. Ta ƙirji, na toshe. Ta gwiwa, na toshe. Na zo ta ƙafa, wadda ta fi kowace daɗewa a kife a inuwar rumbu, jikinta sanyi ƙalau. Na kai yatsa. Ɗumi ya fito ya taɓa ni, ya tsaya, ya sake fitowa, ya tsaya.

Na ɗaga kai. Mutane na tsaye da hauyoyi suna kallon hadari, ɗigon farko ya fara sauka. Tunau kaɗai ke kallona. Na ce, ƙasa-ƙasa, "Maigida, zo ka sa hannu nan."

Ya durƙusa kusa da ni, ya sa yatsa, ya daɗe. Sa'an nan ya kira liman da Ummaru, ya ce a ɗaga tukunyar kai a duba. Anka ɗaga. Liman ya sa hannu ƙarƙashin likkafani, ya taɓa wuya, ya taɓa ƙirji, ya sa kunne. Ummaru ma ya taɓa. Sanyi, a sandare, babu ko shakka. Anka mai da tukunyar mazauninta.

Na koma ga ta ƙafa, na sake kai yatsa. Yana nan, yana fitowa yana tsayawa.

Tunau ya ɗebo ƙasa ya damƙa mini a hannu, ya rufe yatsuna a kanta.

"Toshe, Arzika," ya ce. "Mu aikinmu daga rufi zuwa bisa ne. Abin da ke ƙarƙashi ba a ba mu ba."

Na toshe, na shafe da tafin hannu har ya yi sumul, anka fara zuba ƙasa.